Daga Daɓen Makuba Zuwa Siminti: A Gyara Ko A Fasa?

Kafin layin dogo ya iso Kafanchan a 1927, da ƙasa kakanninmu suke gini. Damina na wucewa maza su yi yaɓe, mata su taru su yi daɓe, a yayyafa ruwan makuba. Gyara aikin kowace shekara ne, ba a jira ɗaki ya zube.

A tashar jirgi da gidajen ma'aikatan reluwe muka fara sabawa da siminti. Bayan kamfanin Nkalagu ya fara aiki a 1957, na Ashaka kuma a 1979, ya shiga tsakar gidajenmu. Sai muka ɗauka ba ya son kulawa, alhali ruwan saman yankinmu yana bin ƙaramar tsaga ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashi.

Birkiloli sun san bambancin. Siririyar tsaga, a share a cike ta. Idan daɓe ya lotsa, ko ya yi ƙarar rami in an ƙwanƙwasa, ko rodi ya yi tsatsa, faci ɓarnar kuɗi ne, sai a fasa a sake zubawa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu duba gidajenmu da rani, kamar yadda magabata suka saba.