Bagadaza a Hannun 'Yan Wasa: Nazarin Saɓanin Ra'ayi Kan Assassin's Creed Mirage

Ranar 5 ga Oktoba 2023 kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya fitar da Assassin's Creed Mirage, wasan bidiyo da aka gina labarinsa a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, daga shekarar 861 miladiyya. Mai wasa yana sarrafa Basim ɗan Is'haƙ, matashi ɗan sane da wata ƙungiyar asiri ta ɗauka ta horar a dutsen Alamut, sannan ta mayar da shi birni domin ya farauci maƙiyanta. Tun kafin wasan ya fito, kamfanin ya yi ta nanata alkawarin cewa za a koma tushe. Da wannan alkawari masu wasa suka auna shi, kuma daga nan saɓaninsu ya taso. Idan aka tace ra'ayoyinsu, za a ga kusan kowa ya yarda an gina birnin da kyau. Rigimar tana kan abin da aka ba mai wasa ya yi a cikinsa.

Sai an san tushen kafin a fahimci rigimar. Wasan farko na wannan jeri ya fito a 2007, labarinsa a shekarar 1191 lokacin yaƙin 'yan Salibi na uku, tsakanin Ƙudus da Dimashƙa da Akka. Jigonsa sanɗa ne: ka saje da jama'a, ka saurari hira, ka gano inda wanda kake nema yake, ka kai masa da wuƙar da ke ɓoye a hannun rigarka, ka tsere ta kan rufin gidaje. Daga 2017 kamfanin ya sauya salo. Origins a Masar, Odyssey a Girka a 2018, da Valhalla a Ingila ta zamanin mayaƙan Viking a 2020, duk manyan duniyoyi ne da mutum zai share awoyi masu yawa bai ƙure su ba, kuma jaruminsu mayaƙi ne da ke iya tunkarar sansani shi kaɗai. Sun jawo sabbin masu wasa masu ɗimbin yawa, amma tsofaffin masoya suka yi ta ƙorafin cewa an bar musu suna an tafi da ruhin. Mirage, wanda reshen kamfanin da ke Bordeaux ya haɗa, amsar wannan ƙorafi ne. Ana iya kammala labarinsa cikin awa 15 zuwa 20, kuma an sayar da shi dala 50, ƙasa da farashin manyan wasannin lokacin.

Tsofaffin masoya da yawa sun karɓe shi hannu biyu. Abin da suka fi ambata shi ne raunin Basim. Idan dogarai uku ko huɗu suka rutsa shi, gudu ya fi masa alheri, don haka dole mai wasa ya yi tunani kafin ya shiga gida. An dawo da abubuwan da aka daɗe ba a gani ba: yage takardun cigiya da ke bango, ba mai shela toshiya don ya daina ambaton sunanka, yankan aljihu, zama a kan benci tsakanin mutane har masu nemanka su wuce. Manyan ayyukan kisa kuwa an bar su a buɗe, mai wasa ya zaɓi hanyarsa, ko ya sayi taimakon ɗan kasuwa, ko ya ɓad da kama, ko ya bi ta ƙofar da ba a tsaro. A ganina waɗannan mutane sun gano wani abu na gaskiya. Daɗin sanɗa yana zuwa ne daga tsoron a gan ka, kuma jarumin da ba ya tsoron kowa ba shi da dalilin laɓewa. Gajartar wasan da ake yawan yabawa reshe ce kawai, saiwar ita ce an mayar da mai wasa mutum mai rauni wanda haƙuri ne makaminsa.

Sai dai akwai wani rukuni da ya fi su zafin ido, wato waɗanda suka taso da wasannin sanɗa zalla irin su Thief da Hitman da Dishonored. Su ba su gamsu ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Dogaran Mirage ba su da wayo sosai. Kana iya laɓewa a cikin ciyawa ka yi fito, su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kana kayar da su a wuri guda. Ga kuma wata baiwa da aka ba Basim, wadda da ita yake ɓacewa daga nan ya bayyana can, ya kashe mutane da yawa a ƙiftawa da bismilla. Wannan ta jawo surutu tun daga lokacin da aka nuna ta a talla, domin ta rushe haɗarin da sauran wasan ya sha wahalar ginawa. Masu kare ta sukan ce ai ba dole ba ne a yi amfani da ita. Amsar ba ta cika gamsarwa ba, tunda mai tsara wasa shi ke da alhakin abin da ya saka a hannun mai wasa.

Ƙorafin da ya fi yaɗuwa game da motsi da faɗa yana da asali na fasaha. An ruwaito tun a 2022 cewa Mirage ya faro ne a matsayin ƙari ga Valhalla kafin a mayar da shi wasa mai zaman kansa, kuma a kan ginshiƙin Valhalla aka ɗora shi. Shi ya sa masu tuna yadda ake haye-haye da dire-dire a Unity, wasan jerin na 2014, suka ji Basim yana da nauyin jiki, wani lokaci ya maƙale a inda ba a nufa ba. Tsohuwar riga ce aka sake wa ɗinki, idon da ya saba da ita kuwa yana gane sawun tsohon zare. Waɗanda suka shigo ta ƙofar Odyssey da Valhalla su kuma sun ga wasan ya yi ƙanƙanta, faɗansa ba zurfi, labarinsa ba armashi. Jimillar makin masu sharhi a shafin Metacritic ta tsaya tsakanin 70 da 80 cikin 100, wanda ke nuna yabo mai haɗe da togaciya.

Inda muryoyin suka haɗu shi ne kan Bagadaza kanta, kuma nan ne nazari ya fi buƙatar tsayawa. Halifa Mansur ya aza harsashin zagayayyen birnin a 762, da ƙofofinsa huɗu: ta Kufa, ta Basra, ta Hurasan da ta Sham. Babu abin da ya rage na wannan birni a yau. Abin da masana ke dogara da shi su ne bayanan marubuta irin su Yaƙubi da Haɗibul Bagdadi, da gine-ginen da suka tsira a Samarra da wasu wurare. Ke nan birnin da ke cikin wasan hasashe ne na masu ilimi, da unguwannin Karhi da Harbiyya da Abbasiyya, da kasuwanni, da Baitul Hikma. An kuma saka wani kundi mai bayanai 66 kan tattalin arziki da mulki da addini da kimiyya da rayuwar fada, wanda aka haɗa da taimakon masana tarihi, ciki har da Glaire Anderson ta Jami'ar Edinbura, da hotunan kayayyakin tarihi daga gidajen adana su. Wasu masu wasa sun yi takaicin rashin sashen yawon ilimi na musamman irin wanda aka yi wa wasanni ukun da suka gabata, inda mutum ke zagaya gari ba tare da faɗa ba.

Ga Larabawa da sauran Musulmi masu wasa, batun ya wuce kyan gini. Sun daɗe suna ganin garuruwansu a wasannin harbi a matsayin kufai, harshensu kuma a bakin abokin gaba kawai. A nan sai ga cikakken wasa da Larabci ingantacce, ɗan wasan Jodan Iyad Nassar ne muryar Basim, ana jin kiran salla yana tashi a sararin birni, mutane suna gaisawa da sallama. Wanda ya tuna cewa jarumin wasan 2007, ɗan ƙasar Sham, da karin harshen Amurka yake magana, zai gane nisan da aka yi. Bahaushen da ya san sunan Bagadaza daga karatun zaure da labaran Dare Dubu da Ɗaya ba zai rasa fahimtar wannan farin ciki ba.

To amma a nan akwai abin da yabon ya rufe. Masu wasa kan ce wasan ya bi tarihi, alhali abin da ya bi shi ne kamannin zamanin, ba abubuwan da suka faru ba. A 861 fadar halifanci tana Samarra, kuma a can yankin ne dogarai Turkawa suka kashe Halifa Mutawakkil a watan Disamba na shekarar. Wasan ya mayar da kisan zuwa garin Anbar, ya ɗora shi a kan ɓarayin da suka shiga sata. Kwamanda Wasif Baturke, wanda sojojinsa suka kashe a 867, ya zama ɗan ƙungiyar makirci da Basim ke farauta. Alamut kuwa ba ta zama cibiyar Isma'iliyya Nizarawa ba sai da Hasan Sabbah ya karɓe ta a 1090, fiye da shekara 200 bayan lokacin labarin. Ali ɗan Muhammad, wanda ya jagoranci tawayen Zanj daga 869 zuwa 883, ya fito a matsayin aboki, amma bala'in bayin da ke kwashe gishiri a fadamun Basra, wanda shi ne ya haifar da tawayen, bai sami zurfin da ya cancanta ba.

Ba laifi ba ne ƙagaggen labari ya karkata daga tarihi, kuma kamfanin bai taɓa ɓoye cewa ƙage yake yi ba. Abin lura shi ne yadda hukuncin masu wasa ke tafiya. Suna saurin yafe sauya abin da ya faru, amma ba sa yafe abin da suka ji a matsayin raini. An ga haka a fili a 2025, lokacin da Shadows, wani wasan wannan jeri, ya fito da labarin Japan: damar farfasa kayan cikin wuraren ibadar Shinto ta tayar da ƙura har aka yi maganarta a majalisar dokokin ƙasar, kamfanin kuma ya yi gyara ranar da wasan ya fito. Mirage ya tsallake irin wannan guguwa saboda mutanen da aka zana sun ji an mutunta su. Wannan nasara ce ta gaske, sai dai tana da haɗarinta: wanda ya ji an girmama shi yakan sassauta bincike, har ya ɗauki makircin da marubutan wasa suka ƙaga a matsayin abin da ya auku.

Hukuncina shi ne, a matsayin wasan sanɗa Mirage matsakaici ne, ya dawo da tsoron a gan ka amma bai ba dogaransa wayon da zai riƙe tsoron ba. A matsayin hoton birni kuwa yana cikin mafi kyawun abin da jerin ya taɓa yi. Matashin da ya buga shi ya ji sha'awar zamanin, ya karanta bayanan nan 66, sannan ya nemi Tarihin Ɗabari, wanda marubucinsa ya rayu a Bagadaza kuma ya rasu a cikinta a 923, ya ga yadda mutumin zamanin ya ba da labarin kisan Mutawakkil.