Tarihin Binciken Sankarar Jini a Ibadan

Sankarar Burkitt nau'in ciwon dajin jini ce da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini masu zama a kaluluwa. Ƙananan yara ta fi kamawa, kuma a Afirka takan ɓullo ne a muƙamuƙi ko a ciki. Uwa za ta ga kuncin yaro ya tasa, haƙora suna girgiɗi, ta ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori. Kafin a gama jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, ido ya fara turowa waje, domin ƙarin kan ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Cutar ta ci sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya bayyana ta a 1958 a asibitin Mulago na Kampala. Amma kaso mai tsoka na aikin da ya biyo baya a Ibadan aka yi shi, Badun a bakin Hausawa, cikin asibitin koyarwa na UCH da aka buɗe a 1957, wanda ɗan unguwar Sabo kan iya zuwa da ƙafa. A 1960 Farfesa G. M. Edington ya kafa rajistar masu ciwon daji a nan, ana rubuta kowane majinyaci da irin cutarsa.

Shekarar 1963 ce ta fi shiga tarihi. Masani R. J. V. Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyin cutar daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, ya raine su a kwalba, suka ci gaba da hayayyafa ba yankewa. Kafin nan ba a taɓa samun ƙwayoyin jinin ɗan Adam da suka ɗore haka a ɗakin gwaji ba. Aka sa musu suna Raji. Har gobe jikokinsu na cikin firjin masana a Amurka da Jamus da Sin, a kansu ake gwada sababbin magungunan sankarar jini. Mafi yawan masu aiki da su kuwa ba su taɓa taka Ibadan ba. Shekara guda bayan aikin Pulvertaft masana Epstein da Achong da Barr suka gano ƙwayar bairos a cikin irin wannan ƙari a Landan, daga baya kuma aka fahimci cewa yawan zazzaɓin cizon sauro na share wa cutar fage.

Ta fuskar magani, likita Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna a Ibadan cewa maganin cyclophosphamide na narkar da ƙarin, fuskar yaro ta koma daidai cikin 'yan makonni. Wannan ya kai shi ga lambar yabo ta Lasker a 1972, tare da Burkitt da wasu. Cikas ɗin da ya rage shi ne zuwa a makare, da kuma katse allura idan aljihun uba ya bushe.

Manya masu sankarar ɓargo mai jan lokaci su ma sun ga sauyi. Tun 2003 asibitin koyarwa na Ile-Ife ya fara raba Glivec kyauta, ƙwayar da ake haɗiya kullum, mutum ya koma kasuwarsa. Daga Ibadan, mai sayar da shanu a karar Akinyele ko ɗan albasa a Shasha kan hau motar Ile-Ife a Iwo Road da sassafe, a auna jininsa, ya karɓo maganinsa. A layin kuwa yakan tarar da waɗanda suka kwana a hanya daga Kano da Sakkwato.