Hanyar Hamada Zuwa Kano: Me Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu Ke Iya Yi, Me Ya Fi Ƙarfinta?

A watan Mayun 1974 wasu motocin tsere suka iso Kano. Daga Landan suka taso za su Munich, inda za a buga wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙwallon ƙafa, amma masu shirya tseren suka ce sai an ratsa Sahara an taɓo Kano kafin a juya. Motoci 19 kaɗai suka kai ƙarshe, biyar ne kuma a cikinsu suka bi hanyar gaba ɗaya. Wadda ta zo ta ɗaya Citroën DS 23 ce ta wasu 'yan Ostireliya su uku, tayoyinta na gaba kawai ke ja. Ta biyu zuwa ta huɗu duk Peugeot 504 ne, masu ja da tayoyin baya. Jeep ɗin da ke ja da ƙafa huɗu sai ta biyar ta samu.

To, ina amfanin jan ƙafa huɗun ke nan?

Hanyar da suka bi tsohuwa ce. Tun bayan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, ayarin raƙuma ke sauke gishiri da kayan Tarabulus a cikin birni, har Larabawan Ghadames suka yi zamansu a Dandalin Turawa. Isowar jirgin ƙasa a 1911 ta karkatar da ciniki zuwa Legas, amma Faransawa na son haɗa Aljeriya da Nijar ta ƙasa, sai suka shiga neman motar da za ta yi aikin raƙumi.

Asirin raƙumi a tafin ƙafarsa yake. Faffaɗa ne, in ya taka sai ya baje, nauyin ya rarrabu, bai nutsewa. Injiniyoyin farko wannan suka kwaikwaya. Motoci biyar na Citroën da suka tashi daga Touggourt a Disambar 1922 suka isa Tambutu a Janairun 1923, bel ɗin roba mai faɗi gare su a baya maimakon taya. Renault kuwa ta fito da mai aksil uku, kowane gefe taya bibbiyu, goma sha biyu ke nan. A cikin shekarun 1930 kamfanin SATT na Georges Estienne ya riƙa jigilar fasinja daga Aljiyas ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano. A waɗancan motocin Citroën da Renault, tayoyin gaba tuƙi kawai suke yi, ba sa ja. A rairayi, abin da ke kafe mota shi ne nauyi ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Shi ya sa har yau direban Agadas ke rage iskar taya kafin ya shiga yashi.

Jan ƙafa huɗu wata matsalar daban yake magancewa. A tsakiyar aksil akwai haƙoran giya da ake kira difarenshal, waɗanda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Illarsa ita ce ƙarfi ɗaya yake bai wa kowane gefe, kuma tayar da ta fi rashin riƙo ita ke yanke yawansa. Ka ga motar da taya ɗaya ke wulwulawa a taɓo, ɗayar na tsaye a busasshiyar ƙasa? Aikin difarenshal ne. In aka raba ƙarfin inji ga aksil biyu, kowace taya riƙo kaɗan take buƙata, kuma in baya ta zame gaba na iya janyo motar. Amma ko kilo ɗaya bai rage mata nauyi ba, bai kuma ƙara mata birki ba.

Land Rover ta farko, wadda aka nuna a Amsterdam a Afrilun 1948, ta zo da wata dabara. Tayoyin gaba kan yi tafiya mafi tsawo a kwana, don haka in an ɗaure gaba da baya kam a kan kwalta, farfela da giya ne ke shan wuya. Sai kamfanin ya sa wani kuloci mai kamawa gefe ɗaya, irin na keke: in ka taka totur gaba ta ja, in ka ɗaga ƙafa ta saki. Sai dai a gangara wannan sakin ba alheri ba ne, dole direba ya ja wani zobe a ƙasan motar ya kulle shi. A 1950 aka watsar da tsarin.

Dalilin shi ne birkin inji. In ka ɗaga ƙafa daga totur motar na cikin giya, tayoyi ne ke juya injin, ba shi ke juya su ba. A injin fetur ƙofar iska ta rufe, fistin na ta fama ya zuƙi iska ta ɗan tsukin wuri, kamar mai shan fura mai kauri da tsinken leda. Wannan wahalar ke riƙe motar, kuma ƙaramar giya na ninka ta. Injin dizal ba shi da irin wannan ƙofa, shi ya sa ake sa wa manyan motoci abin toshe salansa, ko birkin da Clessie Cummins ya ƙirƙiro, wanda kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961, mai ƙarar nan ta ratata. In riƙon ya tsaya a tayoyin baya kaɗai, alhali gangara ta mayar da nauyi gaba, bayan motar na iya zamewa ta juyo.

Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ban da Dala da Goron Dutse, saboda haka direban cikin gari kan shekara bai damu da wannan ba. Sai ranar da ya gangaro Hawan Kibo a Filato. Masu sa mota a firi don tattalin mai birkin ƙafa kaɗai suke bar wa kansu, shi kuma zafi yake tarawa har ya daina kamawa. Tattalin ma babu shi: motocin zamani na yanke mai gaba ɗaya in suna gangara cikin giya, a firi kuwa inji na ci.

Baburan daji masu ƙafa huɗu, da suka yaɗu tun 1982 lokacin da Suzuki ta fito da nata, sun gaji matsalar Land Rover ta 1948. Da yawansu bel ne ke ja, in inji ya lafa bel ɗin ya saki, babur ya tafi a firi. Wasu kuma kulocin gaba mai kamawa gefe ɗaya gare su, don haka ko an kunna ƙafa huɗu, a gangara tayoyin baya ne kawai ke riƙewa. Wanda zai sayi irinsa don gona ko sintiri, ya tambayi mai sayarwa tayoyi nawa ke riƙewa in an saki totur.