Daga Ƙarfen Siminti Zuwa Tabarma

Wata safiya bayan sallar asuba wani dattijo ya shigo gidan motsa jikina, ɗansa na biye da shi riƙe da jaka. Ɗan kasuwa ne, ya haura shekara 60, likita ne ya turo shi saboda hawan jini. Ya ce, "Koci, tumbin nan nake so ya sauka. Wane inji zan hau?" Na shimfiɗa tabarma na ce, "Baba, ku fara zama a ƙasa ku tashi in gani." Ya dafa bango ya sauka da ƙyar. Wajen tashi kuwa sai da ni da ɗan muka kama shi ta hammata. Yana haki ya gaya mini shekara 3 ke nan a kan kujera yake sallah.

Da shekara 20 baya ya zo, keken motsa jiki zan ɗora shi a kai, in kunna masa fanka, in karɓi kuɗin wata. Abin da na sani ke nan a lokacin.

Mu a lungun unguwa muka koyi ɗaga ƙarfe. Gwangwanin madara biyu za a cika da siminti, a soka bututun ruwa a tsakiya, a bar shi ya bushe. Mai hali ya sayo tsohuwar giyar mota wurin makanikai. A bango akwai hoton Arnold Schwarzenegger da aka yanko daga mujalla, ma'auninmu kuma tef ɗin tela ne a kan damtse. Ƙirji da ƙwanji kawai muke nema. Ban taɓa jin an tambayi wani ko zai iya ɗaga hannunsa sama har ya taɓa kunne ba, alhali da yawanmu kafaɗun sun riga sun rufo gaba.

Wannan ra'ayi gadonsa muka yi daga nesa. Eugen Sandow, Bajamushen da ya yi suna da nuna ƙirar jikinsa a dandamali, shi ya shirya babbar gasar kyan tsoka a zauren Royal Albert da ke Landan a 1901, kuma har yau mutum-mutuminsa ne kofin gasar Mr. Olympia. A 1965 Joe Gold ya buɗe Gold's Gym a Venice ta jihar Kalifoniya, inda Arnold ya yi horo, fim ɗin Pumping Iron na 1977 kuma ya kai hoton wurin ko'ina. Reshen wannan ra'ayi ne ya iso lungunmu a jikin takardar mujalla.

Sai daga baya na san cewa akwai wata hanya da ta girmi wannan. A 1813 Pehr Henrik Ling ya kafa makarantar motsa jiki a Stockholm ta Suwidin, tsarinsa kuma ya dogara ne kan lanƙwasa gaɓoɓi, daidaita tsayuwa da gyaran jikin marasa lafiya. Ko ƙa'idar nan ta ɗagawa sau 10 har zagaye 3, wadda kowane ɗan ɗaga ƙarfe ya haddace, daga asibiti ta fito. Likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ne ya yi amfani da ƙara nauyi sannu a hankali don farfaɗo da gwiwoyin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, ya wallafa bayaninsa a 1945. Ƙarfe ya shigo ne don mutum ya sake tafiya da ƙafarsa. Kasuwa ce ta janye shi zuwa gaban madubi.

A nan ne ya kamata mai gidan motsa jiki ya faɗi gaskiya a kan injuna, don mu muka fi kowa cin moriyarsu. A 1970 Arthur Jones ya fito da injunan Nautilus, masu zaunar da mutum su ware tsoka guda su ba ta aiki. Dabara ce mai kyau, kuma ta buɗe ƙofa ga waɗanda ke tsoron sandar ƙarfe. Amma ku duba abin ta fuskar aljihun mai wuri. Inji ba ya karɓar albashi. Ka jera guda 15, ka sa yaro ɗaya a ƙofa, baƙo ya leƙo ya ga ƙarfe na sheƙi ya biya kuɗin wata. Da na tara kuɗin buɗe wurina, injuna na fara sayowa, na gwanjo, har da ciwo bashi. Shekaru na yi ina kallon ma'aikacin ofis ya taso daga kujera, ya shiga mota ya zauna, ya iso wurina ya zauna ya tura ƙafa, ya koma wani injin ya zauna ya ja hannu. Tsokarsa na ƙaruwa, ƙugunsa na nan a ɗaure kamar yadda ya zo da shi.

Maganin da muka sani a lokacin shi ne miƙa. Littafin Stretching na Bob Anderson ya bazu a duniya daga 1980, kowa ya ɗauka cewa in ka kama yatsun ƙafa ka ƙirga 30 kafin wasa ka tsira daga targaɗe. A 2002 Rob Herbert da Michael Gabriel na Jami'ar Sydney suka tattara binciken da aka yi a kai, suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ cewa miƙa ba ta hana tsamin jiki bayan horo, kuma kariyar da take bayarwa daga rauni ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi aiki ya bayyana a filin ƙwallo. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, na minti 20, ya haɗa gudu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ƙarfafa cinya da koyon dira bayan tsalle. Da aka gwada shi kan 'yan mata 'yan ƙwallo a Nowe, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Daga nan kalmar mobiliti ta shiga bakin kociyoyi. Ni ina ce masa horon sakin gaɓoɓi, kuma ga yadda nake nuna wa sabon zuwa bambancinsa da miƙa. Zan kwantar da shi rigingine, in ɗaga masa ƙafa a miƙe har inda ta tsaya, in sa alama a bango. Sai in ce ya ɗaga da kansa. Kusan kullum tasa ɗagawar ba ta kai tawa ba. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu wuri ne da gaɓar ke iya zuwa amma mai ita ba shi da iko a can, kuma a wannan tazarar muke aiki: a kai gaɓa ƙarshen iyakarta, a riƙe da ƙarfin kai, a ƙara ɗan nauyi in ta saba.

A shekarun 1990 Gray Cook da Lee Burton a Amurka suka tsara gwajin motsi 7 da ake kira FMS, don a duba yadda mutum ke tsugunawa da taka ƙafa kafin a ɗora masa nauyi. Makin gwajin bai iya hango wanda zai ji rauni yadda aka yi ta tallata shi ba, amma ya koya wa kociyoyi kallon mutum kafin kallon ƙarfe, kuma wannan kaɗai ya isa a gode musu. Wanda ya fi girgiza ni shi ne Kelly Starrett, likitan fisiyo da ke da gidan motsa jiki na CrossFit a San Faransisko a lokacin, wanda ya fara sakin bidiyo a intanet a 2010. Darasinsa na farko shi ne a tsuguna ƙasa sosai na minti 10. Na kalla na tuna kakata, wadda za ta tsuguna gaban murhu ta tuƙa tuwon gida guda, dugaduganta a ƙasa, ta miƙe ba tare da dafa komai ba. Da yamma na tara samarina masu faɗin ƙirji na ce su gwada. Dugadugan mafi yawansu sun ɗage, wasu suka faɗa ta baya kafin minti 2.

Abin ya dame ni ƙwarai. Mu mutanen tabarma ne. A ƙasa muke cin abinci, a tsugune muke alwala, sau 5 a yini muna ruku'u da sujada da zaman tahiya. Jikin da ya tashi a haka yana samun horon gaɓoɓi kyauta tun yana yaro. Kujerar ofis da mota da kushin ɗin falo da masan zama suna karɓe wannan a hankali, ni kuma da sunan gyaran jiki na ƙara wa mutane wasu kujerun.

Gwajin da na yi wa dattijon nan daga Burazil ya fito. Likita Claudio Gil Araújo na Riyo da abokan aikinsa sun bi mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80. Ana ba da maki 10, 5 na zama 5 na tashi, a cire ɗaya duk sanda aka dafa hannu ko gwiwa. A rahotonsu na 2012, masu maki 3 zuwa ƙasa sun ninka masu maki 8 zuwa sama haɗarin mutuwa sau 5 zuwa 6 cikin kimanin shekara 6. Rai na hannun Allah, kuma tashi daga tabarma ba magani ba ne. Alama ce mai tattara ƙarfin ƙafa, nauyin jiki, daidaito da sakin ƙugu wuri guda. A 2020 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa horon daidaito da ƙarfi aƙalla kwana 3 a mako.

Saboda duk wannan na sayar da injuna 4 na bar fili. Wata biyu ana leƙowa ana tambayata ko karyewa na yi, wasu suka koma inda ƙarfe ya fi yawa. Filin ya fi injin tsada, don yana bukatar idon koci, kuma koci ɗaya ba ya iya lura da fiye da mutum 6 a lokaci guda. Na ɗauki mace koci don lokacin mata, inda ciwon baya ne kukan da aka fi kawowa. Ƙarfen yana nan, ana ɗaga shi, sai dai ba na ɗora wa kowa sanda a wuya sai na ga tsugunonsa. Wanda gwiwarsa ta kumbura ko ciwon ke sauka ƙafa, asibiti nake tura shi, don wannan ya wuce sanina.

Na gaya wa dattijon cewa sallah a kujera ga mai lalura ba abin kunya ba ce, kuma ban yi masa alkawarin komai ba. Likitansa ya amince, muka fara da akwatin katako da allunan da na jera a kai har suka kai tsawon kujerarsa. Ya zauna ya tashi sau 8. Duk mako biyu in cire allo ɗaya. Yana kuma tsayawa gaban bango ya tura gwiwa gaba, dugadugi a ƙasa, don idon sawun ya saki. Yanzu wata 5 ke nan. Yana sauka tabarma da kansa, ya tashi da dafa hannu ɗaya. Gwiwar hagu har yanzu ba ta yarda da zaman tahiya ba, don haka mun sa matashi tsakanin cinya da dugadugi, ran Asabar kuma za mu gwada wanda ya fi shi siranta.