Makunnin mota da ya ci rai 124

Jama'a, yau mu leƙa Amurka. A watan Maris na 2010 wata ma'aikaciyar jinya 'yar shekara 29 ta rasu a haɗari a jihar Jojiya, cikin motarta Chevrolet Cobalt. Iyayenta suka ɗauki lauya, lauya ya nemo injiniya. Da aka kwance makunnin motar aka gwada da sabo, lambarsu ɗaya amma cikinsu daban. Ashe tun 2006 kamfanin General Motors ya canza shi shiru. Shi tsohon, ko nauyin makullai kan murɗa shi, mota ta mutu ana tsakar gudu, sitiyari ya yi tauri, jakar iska ta ƙi buɗewa.

Sai a 2014 kamfanin ya kira motoci miliyan 2.6 gyara (mu masu sayen ta hannu daga Kwatano, wa zai aiko mana irin wannan takarda?), wai mutum 13 ne suka mutu. Lauya Kenneth Feinberg, da aka ɗora wa rabon diyya, ya ƙirga 124. Kowane rai aƙalla dala miliyan ɗaya, amma fa da sharaɗi: in ka karɓa, zancen kotu ya ƙare.