Matan Fada: Kogin da Ya Kashe Gaba

Kafin a san Argungu da kifi, da yaƙi aka san ta. Bayan rundunar jihadi ta ci Birnin Kabi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun ja da baya, daga bisani suka kafa gadon sarautarsu a Argungu. Daga nan suka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har Turawa suka zo.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da abin da Kabawa suka fi ƙwarewa a kai: ya tara masunta suka faɗa ruwa a gaban baƙon. Daga wannan tarbar ce bikin kamun kifi na yanzu ya samo asali.

Amma su ya girmi bikin. Tun zamanin kaka da kakanni akwai wuraren da ake hana shiga har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wannan hanin ne ke ba kifi damar hayayyafa ya girma. Ranar da aka buɗe Matan Fada, dubban mutane kan ruga da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa mafi nauyi. Sauran kwanakin shekara kuwa, kogin ne ke ciyar da gari: maza na su, ana banda kifi a kai kasuwa, fadama na ba da shinkafa.

A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A lokacin kuwa an yi shekaru ba a gudanar da shi ba, sai a Maris na 2020 ya dawo. Rashin tsaro na cikin dalilan, kuma mu mutanen Birnin Gwari mun san yadda tsoro ke watsa kasuwa.

Akwai wata barazanar da ba ta ɗauke da bindiga. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ambaliya ke cika fadama, inda kifi ke ƙwai. Ana iya gayyato baƙi daga ko'ina, a buga tambari, a sa kyautar mota. In ruwa ya ja baya, masuncin da ke ciyar da iyalinsa da homa ne zai fara ji a jikinsa, tun kafin 'yan kallo su lura.