Bashin Ilmi da Hanyoyin Biyansa: Daga Kwalejin Katsina zuwa Gwaska

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi bashin ilmi kuwa, tarihin ƙasar nan ya nuna hanya biyu da aka bi wajen biyansa, watau biya da aiki da kuma biya da kuɗi.

Biya da aiki shi ne ya riga zuwa. Bayan da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, daga larduna ake zaɓo yara a aika, da nufin in sun ƙare su komo gida su koyar. Ta haka ne Ahmadu Bello ya kama koyarwa a Midil ta Sakkwato a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya koma Bauci a 1933. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cika ofisoshinta da 'yan Arewa cikin shekarun 1950, alkawarin ya ƙara ƙarfi a rubuce. Ɗalibi ya sa hannu, a ɗauki nauyin karatunsa, shi kuma ya yi wa Gwamnati ko En'e aiki na wasu shekaru duk inda aka tura shi. Wanda ya gudu a bi shi kuɗin. Da irin wannan sharaɗi ne hukuma take samun malamin makaranta da malamin asibiti da za ta kai ƙasashen daji irin Birnin Gwari, inda ba kowane ma'aikaci yake marmarin zama ba.

A 1972 Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance, a 1973 kuma ta kafa aikin bautar ƙasa na shekara guda. Daga nan aka raba abin da dā yake haɗe: bashi ya zama na kuɗi zalla, hidima kuwa ta zama wajibin shekara ɗaya a kan kowa. Da yawa daga waɗanda suka karɓi rancen ba su biya ba, har hukumar ta durƙushe. Bankin Ilmi da aka yi wa doka a 1993 shi ma bai yi wani kataɓus ba. Sai a 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai, aka sake ta a 2024. Rancen ba shi da ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire ushirin albashi. Dokar ta yafe wa wanda ya rasu, amma ba ta rage wa kowa kome ba saboda wahalar wurin da yake aiki.

Gwaska ta isa misali. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga daga dajin suka kashe sama da mutum 40 a wannan ƙauye, kuma cikin shekarun da suka biyo baya makarantu da yawa a ƙasar Birnin Gwari suka zama kufai. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Buɗe kasuwa ya fi cika aji sauƙi, gama ɗan kasuwa riba ce take kiransa, malami kuwa ushiri ɗaya za a cire masa, ko a tsakiyar Kaduna yake ko a bakin dajin Kamuku.

A Amurka, wata doka ta 2007 ta yafe ragowar bashin wanda ya yi biya 120, watau shekara goma, yana aikin jama'a. Arewa ta san tushen wannan dabara tun zamanin En'e, sai dai nata na tilas ne. Abin da ya rage shi ne a mai da shi na zaɓi: kowace shekara da malami ko ma'aikaciyar jinya suka yi a wuri irin Gwaska, a sauke musu wani kaso na bashin. Sharaɗin farko dai yana wuyan hukuma, domin ba wanda zai sayar da ransa don a yafe masa bashi. In ta tsare hanya da makaranta, sa'an nan tana da bakin neman mai zuwa.